Ciniki Daban, Riba Daban: Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Cikar Shekara



An ba ni 'yan mintoci, zan yi magana kan abin da ya fi kawo rigima teburina: yadda ake yi wa shago ko harka kuɗi idan za a sayar ko za a shiga haɗin gwiwa. Mai sayarwa yakan ce, "Dubi cinikina." Mai saye ya ji adadi mai nauyi, ya zuba uwar kuɗinsa, bayan wata shida su zo mu raba faɗa.

Ga misali. Shago a nan Sabha yana cinikin dinari 100,000 a wata. Sarin kaya ya ci 82,000. Kuɗin mota daga nan zuwa Gatrun, Tumo, Dirku har Agadas ya ci 9,000. Shingaye da fito 4,000. Haya da yaran shago 4,000. Saura 1,000. Idan mutum ɗaya ya riƙe bashin 3,000 bai biya ba, watan ya ƙare da faɗuwar 2,000. Maƙwabcinsa kuwa cinikin 30,000 yake yi, amma 4,000 ke zama a aljihunsa. Wanne ya fi daraja? Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai kuma canji. A Janairun 2021 babban bankin Libiya ya mayar da dala dinari 4.48, daga wajen 1.4. A Afrilun 2025 ya sake rage darajar dinari. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Don haka adadin ciniki a dinari yana iya hawa alhali katan-katan na taliya da man girki da ka fitar ba su ƙaru ba. Ku riƙa ƙirga kayan, ba kuɗin kaɗai ba.

Ban ce ciniki ba shi da amfani ba. Kamfanin Amazon na Amurka an kafa shi a 1994, bai rufe shekara da riba ba sai 2003, kuma masu hannun jari sun yi haƙuri saboda masu saye na ƙaruwa. Jumia kuma, wanda ya fara a Legas a 2012, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, ya yi shekaru yana faɗuwa. Waɗannan suna da masu ƙara musu jari idan ya ƙare. Mu wa zai ƙara mana?

Saboda haka, kafin ka sa kuɗi a harkar da ba ta fara riba ba, yi tambaya uku. Shin kowane katan yana barin wani abu bayan kuɗin hanya? Nawa ne daga cinikin ya shigo hannu, nawa ke waje bashi? Idan hanya ta rufe wata biyu, da me za a biya haya? In katan ɗaya faɗuwa yake kawowa, katan dubu faɗuwa dubu ne.

Roƙona shi ne, duk mai son sayar da shago ko neman abokin haɗin gwiwa ya kawo littafinsa na wata goma sha biyu, a duba gaban shaidu biyu, a rubuta yarjejeniya. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis, zan zauna da shi.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare matafiyanmu a sahara.