Kowace cuta da hanyarta: jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya

 

Cututtukan da ake ɗauka, wasu ƙananan halittu ke kawo su, waɗanda a lakwal muke ce ma mikrob. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita, kuma ba su da ƙafa: mu ke kai su. Ƙyanda, tarin fuka da sanƙarau suna bin numfashi da tari. Masassara, sauro ke kawo ta. Kwalara kuwa tana bin kashin mutum ta shiga ruwa da abinci.

A kan kwalara za mu daɗe, don damina ta kama. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a Madarunfa, tare da marasa lafiya da suka ƙetaro daga wajen Jibiya, kuma kafin ta kwanta ta kama mutum fiye da 3000. Ta sake dawowa jihar Maradi a 2021. Mu mutanen Tasawa da Mayahi kullum muna bisa hanyar Katsina da Kano. Mutum yana iya ɗauko ta bai ji komai ba, ya zagaya bayan gari, ruwan sama ya kwashe ya kai tabki ko bakin rijiya. Shi ke nan, gari ya sha.

Wanda zawo kamar ruwan shinkafa ya kama, ƙarewar ruwan jiki ke kashe shi, wani lokaci cikin yini guda. Kada a jira safiya. A tafasa ruwa lita 1, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali, a yi ta ba shi yana kurɓa har a isa likita. Gawar mai kwalara ma tana yaɗa cutar. Mun san maganar da nauyi, amma a bar ma'aikatan lafiya su taimaka wajen wanka.

Batun rigakafi, muna roƙon iyayenmu. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum kimanin 25,000 a Afirka. Tun allurar da aka fara a 2010, irin nan da ake kira A kusan ya ɓace. Wani iri, C, ya tashi a Yamai a 2015, shi ya sa ake sake zagayowa. Yaron da aka ɓoye a ɗaka ranar allura, gobe ajinmu zai shigo, ya zauna cikin yara masu yawa.

Ga abin da muke kawowa gaban taro. Rijiyar gari ba ta da marfi, kowa da wasakinsa, ana ja ana yasarwa cikin taɓo inda dabbobi ke sha. Muna neman a cire kuɗin siminti daga asusun ƙungiya a ɗaga bakinta, a sa wasaki ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Ma'aji ya ce kuɗin ba su isa ba, sai kowane ɗan ci-rani ya ƙara wani abu kafin ya koma.