Wai har TikTok ma ana yin digiri a kansa?

Daga nan Darmanawa nake magana, in kun ji ƙarar adaidaita sahu ku yi haƙuri.

Wata ƙanwarmu ce ta turo tambaya. Tana so ta yi digiri na biyu a kan TikTok da siyasar Kano, a gida an ce mata wannan ai shiririta ce.

To ƙanwata, je ki ba su labarin Farfesa Abdalla Uba Adamu na BUK. Tun 1997 ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya. Da wani ne, shi ke nan, sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa sai ya koma kan abin da manya suka raina, wato littattafan soyayya da finafinan Hausa. Yana bin diddigin yadda fim ɗin Indiya ke shigowa Kano ya sa kayan Hausa, da dalilin da malamai da hukumar tace finafinai ke tayar da jijiyar wuya a kai. A 2012 ya sake zama farfesa, wannan karon a fannin sadarwa da al'adu. A 2016 aka ba shi shugabancin NOUN. Shiriritar ke nan fa!

Akwai kuma Farooq Kperogi, shi ma BUK ya yi, yanzu yana koyarwa a Amurka. Ya yi littafi sukutum a kan yadda jaridun intanet na 'yan Najeriya mazauna waje, irin su Sahara Reporters, suka girgiza siyasar gida.

Amma wallahi aikin da saura. A 2018 bidiyon Daily Nigerian ya hargitsa Kano. A 2021 gwamnati ta rufe Twitter wata bakwai. A 2022 kotu a nan Kano ta sa aka yi wa 'yan TikTok biyu bulala saboda sun yi wa gwamna shaguɓe. Shin wannan ya sa matasa sun yi shiru ne, ko WhatsApp suka koma? Ni a ganina can ainihin siyasar take, cikin saƙon murya da ke yawo daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, wanda in waya ta cika sai a goge.

Don haka ki fara tara su tun yanzu, kafin zaɓen 2027. Ki rubuta ranar da kowane ya zo da inda ya fito, ki nemi izinin 'yan guruf, ki ɓoye sunayensu. Sai ki nemi malamin da zai duba miki.