Garka da Gonar Auduga: Jawabin Malamin Gona

Yau ba zancen iri ko na awon auduga ya kawo ni ba. Zancen garka ne, watau lambu, da abin da take sa wa a tukunya.

Kowa a nan ya san halin kuɗin auduga. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya iske bashin taki da na magani suna jiransa, ga biki, ga tufafin iyali. Kafin bazara ta raba tsakiya ya ƙare. Auduga kuwa ba a cinta, in ban da miyar gurya, ita ma ba kullum ba. To, wanda ke da ƴar garka a bakin rijiya ko a fadama, shi ne ba ya sayar da hatsin rumbu don cefane.

Wuyar abin ita ce lokaci. A watan Oktoba ake zuba irin albasa, daidai sa'ad da auduga ta fara fashewa, hannu bai isa ba. Da yawa sukan ce sai an gama tsinka. Wannan kuskure ne. Irin albasa yakan yi wajen kwana 45 kafin ya isa dashe, ba ya kuma bukatar fili mai yawa. Kwami biyu ko uku sun isa, yaro ɗaya ya ba su ruwa da sassafe kafin a tafi gona. In kun yi haka, ranar da kuka kai auduga kasuwa dashenku ya riga ya kama ƙasa. Manoman Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, albasarsu ta yi suna har Abijan da Kumasi.

Sanyin Disamba da Janairu shi ne abokin mai garka. Salati da shu da karoti duk shi suke so. Tumatir ma haka. Wanda ya makara da dashensa, zafin Maris zai iske shi yana fure, furen ya kakkaɓe, a tashi da ganye kawai. Ku sa takin dabbobi wanda ya ruɓe, gama ɗanye yana ƙona saiwa.

Yanzu ga babbar magana, ina roƙo ku kasa kunne. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ita ce dai ke huda tumatir da kuɓewa. Mutum ya gan ta a garka, ya tuna akwai ragowar maganin auduga a ɗaki, sai ya ɗauko ya fesa. Kada ku yi! An haɗa maganin nan don tsiron da ba a ci, mai daɗewa a gona kafin a taɓa shi. Salati kuwa yau a fesa, jibi yana faranti, ɗanye. Wanki ba ya fitar da dafin duka. A arewacin ƙasar Binin, a noman 1999 zuwa 2000, mutane da dama sun mutu ta dalilin wani maganin auduga mai suna endosulfan, waɗansu kuwa a abinci suka ci shi. A 2011 ƙasashen duniya suka yarda a hana shi. Amma waɗanda suka rage ma ba zuma ba ne. Kwalbar da magani ya ƙare a ciki kada a zuba mata ruwa, ko mai, ko nono, ko da an wanke ta da sabulu. A huda ta a kawo mini.

Me za a yi wa tsutsa ke nan? Garka ƙarama ce, ido yana iya kewaye ta. Ku tsince tumatir ɗin da ya huje ku binne. Ku daka ƴaƴan dogon yaro, ku jiƙa su kwana, ku tace, ku yayyafa da maraice. In abin ya faskara, ku zo mu duba maganin da aka yarda a sa wa kayan miya, mu karanta kwanakin da za a jira kafin a tsinka.

Ku lura kuma, kuɓewa da rama da yakuwa dangin auduga ne, ƙwarinsu ɗaya. A 2022 waɗansu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye sun yi wa auduga mummunar ɓarna a Mali da Burkina Faso, kuɓewa ma ba ta tsira ba. Saboda haka in an gama tsinka a tuge karan auduga a ƙone, kada kuma a bar tsohuwar kuɓewa tsaye har damina. Gidan haya ne kuke ba ƙwari, su sauka kan sabuwar auduga.

Albasa in ganyenta ya fara kwanciya, a ɗauke mata ruwa kafin a cire, ta sha iska a inuwa, sa'an nan a kai ta rudu. Jiƙaƙƙiya ba ta ajiyuwa. Lawashin kada a zubar, a daka a dunƙula gabu. Tumatir da ya yi yawa a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma, ba a kan ƙasa ba.

Daga Afrilu rijiya takan ja baya, mai hankali sai ya rage garka. A bar kwamin alayyafo da na lalo kusa da rijiya, da zogale a jikin shinge. Waɗannan su za su riƙe gida sa'ad da kowa ya koma shukar hatsi da auduga, har tafasa da yakuwa su fito bayan ruwan fari.

Zancen dahuwa iyayenmu mata sun fi ni sani nesa, amma ku ba ni dama in faɗi abu biyu. Sabon ganye ba ya son daɗewa a wuta. Zogale a tafasa shi ya yi laushi kawai, a tsame, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da ɗan gishiri, ko a turara shi cikin dambu. Tafasa ita ce ake zubar wa ruwan fari saboda ɗaci. Yakuwa ɗan kanwa kaɗan ya isa ya kashe tsaminta, in ya yi yawa ya cinye amfanin ganyen. Na biyu, a sa ɗan man gyaɗa ko dakakkiyar gyaɗa, gama da maiƙo jiki yake karɓar abin da ke cikin ganye mai hana dundumi. A fara zuba wa yara da masu ciki, kada a ce sai abin da maigida ya rage.

Wanda yake son in auna masa kwami, ko ya ga wani ciwo a ganye bai gane shi ba, ya tsinko ganyen ya same ni a rumfar awo ranar kasuwa.