Jawabi Ga Jama'ar Ruma: Ina Man Fetur Yake Kwana?



Tun da aka yi shelar samun man fetur a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, cikin 2019, maganar nan ta shiga kasuwanninmu. A rumfar masu hatsi ana yi, a tashar mota ana yi, wai tun da ya ɓulla a Arewa, me zai hana shi ɓulla a Batsari ko Safana? To, yau mun zo mu warware muku zancen, domin kada a ci ku da baki.

Kowa a nan ya san yadda mata ke fid da man gyaɗa. Sai an sami gyaɗa mai ƙwaya, a soya ta, a matse, a tara man cikin tulu, sa'an nan a rufe. To, haka Allah ya shirya fetur a cikin ƙasa.

Na fari, gyaɗar. Ita ce wata baƙar laka da ta kwanta a ƙarƙashin teku ko babban tafki shekaru miliyoyi da suka wuce, tare da gawar ƙananan halittun ruwa, har ta daskare ta zama dutse. Ita ce uwar mai. Masana duwatsu suna auna ta. In abin da ya saura na halittun nan bai kai kashi 1 cikin 200 na nauyinta ba, ƙwalama ce, ba ta ba da kome. In ya kai kashi 2 cikin 100, to, an sami ta kirki.

Na biyu, wuta. Sai ƙasa ta yi ta taruwa bisa lakar nan har ta nutse wajen kilomita 2 zuwa 4, inda zafi yake tsakanin digiri 60 da 120. Ku tuna a digiri 100 ruwa ke tafasa. In zafin bai kai ba, ɗanya ce. In ya zarce, man ya koma iskar gas, daga nan ya ƙone.

Na uku, tulu. Man da nauyin ƙasa ya matso yakan hau sama, gama ya fi ruwa rashin nauyi, ya shige cikin dutsen yashi mai ƙofofi ƙanana kamar soso. Na huɗu, marufi, watau wata laka mai tauri da ta kife bisa yashin kamar ƙwarya, ta tare shi. In ɗaya ya ɓace cikin huɗun nan, ko an haƙa har a gaji ba a samun na fitila.

Duk wannan ba ya haɗuwa sai a inda ƙasa ta lotsa ta zama babban kwari, laka da yashi suka cika shi hawa-hawa. A bakin teku, inda aka fara samun mai a Oloibiri cikin 1956, kaurin cikon nan ya kai wajen kilomita 10.

Yanzu mu dawo gida. Ku dubi duwatsun Ruma, ku dubi na dajin Rugu. Ku tambayi masu ginin rijiya, gaba nawa suke yi kafin diga ta ci karo da fā? Wannan dutse shi ne gindin ƙasa, ya haura shekara miliyan 500. Wani narkakke ne ya sandare, wani kuwa zafi ya toye shi ƙurmus. Babu uwar mai a cikinsa, babu tulu. Ko ruwan sha ma sai a tsagarsa ake dacewa da shi. Gaskiya ɗaya ce, ƙasar Ruma ba mazaunin fetur ba ce.

Kwarin da ya fi kusa da mu shi ne na Sakkwato, wanda ya miƙe ya shiga Nijar. Can teku ta taɓa kwanciya. Shaida ita ce ƙasusuwan kifi da na kada da ake tonowa wajen Wurno da Dange, da farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita. Baƙar laka akwai ta, amma a ɓangaren Nijeriya cikon ba shi da kauri, wuta ba ta kama ta sosai ba. A Barno kuma kamfanin NNPC ya haƙa rijiya 23, bai sami man sayarwa ba, sai ɓurɓushin gas a guda biyu. Amma ku haura Agadem, gabashin Nijar, inda ƙasa ta tsage ta yi zurfi ƙwarai. Can huɗun suka cika, aka fara ɗiban mai cikin 2011, aka kafa matatar da ke kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana. Kun ga ashe mai ba ya bin iyaka, ba ya bin fata, dutse yake bi.

Me ya sa muka dame ku da wannan? Domin kuɗinku ne. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wata ribar NNPC domin neman mai a irin waɗannan kwarurruka. Cikin 2018 kuma Nijeriya da Nijar suka sa hannu a kan gina matata a Jihar Katsina, wadda za ta tace man Nijar. Kyan alkawari cikawa, hakkinmu ne mu tambayi inda aka kwana.

Saboda haka in wani ya zo da kwalbar baƙin mai, ya ce a rijiyar wane aka ɗebo, ku sayar da gona ko ku zuba jari, kada ku kwance bakin jaka. Ku ce masa, ina uwar man? Zurfinta nawa? Wa ya auna, ina takardar? In ya kama inda-inda, kun san ramin ƙarya ƙurarre ne.

Arzikin Ruma yana bisa ƙasa, gero da dawa da gyaɗa da dabbobi. Abin da za mu nace wa nema shi ne ruwa da hanya da zaman lafiyar da zai bar manomi ya je gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Wassalam.