Jawabi bisa ciwon gwiwa: mi jini ke nunawa?

Zancen yau bisa ciwon gwiwa ne, wanda ke hana tsohi durƙuso wurin salla, ya hana su tahiya gona. Ƙungiyar Lahiya ta Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 528 masu irin wannan ciwon gaɓɓai a shekara ta 2019. Mata sun hi yawa: cikin goma, shida mata ne.

Ana cewa sanyi ne ya shiga ƙashi. Ga yadda abin yake. Duk wanda ya taɓa tsotsar ƙashin rago ya san farin abin nan mai santsi da ke bakin ƙashi. Shi ne guringuntsi. Na gwiwar mutum kaurinsa milimeta 2 zuwa 4 ne kawai. Shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Jini ba ya ratsa shi, don haka in ya lalace ba ya komawa da sauƙi. Kuma shi kansa ba ya jin zahi. Sai ya daɗe yana cinyewa mutum bai sani ba.

Cikin gaɓa akwai wasu sinadarai da likitoci ke ce ma anzim. Aikinsu kamar na mai gyaran ɗaki ne: a kankare tsohon yaɓe, a sa sabo. In shekaru sun yi yawa, ko gwiwa ta taɓa jin rauni, ko nauyi ya yi mata yawa, sai kankarewa ta hi yaɓawa. Biyu daga cikin anzim ɗin an san su ƙwarai, MMP-3 da MMP-13. Su da ɓarɓashin guringuntsi suna zubowa cikin jini, wani ɓarɓashin har cikin hitsari.

To, nan ne masu bincike suka sa ido. Suna so su auna waɗannan alamu, su gane ciwon tun kahin ya nuna a hoton ƙashi. Amma aikin bai ƙare ba, don wasu cututtukan gaɓɓai ma suna ƙara MMP-3 cikin jini. Har yanzu awon jini shi kaɗai ba ya tabbatar da wannan ciwo. Kada kowa ya saida akuyarsa don neman shi. Likita yakan gane ciwon da tambaya da taɓa gwiwa, wani lokaci da hoto.

Mai ciwon kada ya kwanta. Tahiya kaɗan kaɗan kullum tana ƙarfafa naman cinya, shi ke tallabe gwiwa. Ya riƙa sanda, ba abin kunya ba ne. A rage ma tsohuwa ɗaukar tulu da itace. A yi hattara da ƙwayoyin ƴan talla irin su dikulofenak: shan su kullum yana ɓata ciki da ƙoda.

Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zahi, ga masassara, wannan wani ciwo ne daban. A kai mai ita likita ran nan.