Daga Lejar Masaƙa zuwa Wayar Hannu: Aikin Akanta a Kudancin Kogin Kaduna



Duk wanda ya yi wayo a Kakuri ko Makera ko Nasarawa kafin shekarar 2000 ba zai manta da lokacin canjin aiki a masaƙu ba, yadda kekuna ke cika titi har mai mota ya haƙura ya jira. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, UNTL ta biyo baya a 1964, sannan a 1975 aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot, wato Fijo. Kowace ma'aikata a cikinsu tana da ofishin kuɗi: akawuna a jere, kowa da lejarsa, babban akanta a ɗakinsa, ƙarshen shekara odita ya zo ya duba ya sa hannu. Irin wannan ofis aka yi wa akantan Najeriya tarbiyya ya zauna a ciki. Ƙungiyar akantoci ta ICAN da aka kafa a 1965, da ANAN da ta zo a 1979, sun horar da mutane ƙwararru, ba na musun haka, amma hoton da ke kan ɗalibi har yau shi ne na babban kamfani mai ƙofar ƙarfe da maigadi.

KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka haɗu suka durƙusar da su. Mutanen kuwa ba su ɓace ba. Su da 'ya'yansu ne suka buɗe gidajen burodi a Barnawa, da wuraren buga bulo a Gonin Gora, da kyamis a Narayi, da makarantun kuɗi a Sabon Tasha, da gidajen kaji da na ruwan leda a Unguwar Romi. Dukiyar da a da take taruwa a ma'aikatu 'yan ƙalilan yanzu ta warwatsu cikin dubban ƙananan sana'o'i, kuma kusan babu ɗaya cikinsu mai ofishin kuɗi. Mu kuma akantoci muna nan tsaye a ƙofar masaƙa da takardunmu a hammata, muna jiran a buɗe. Maganata ta yau ke nan: na'ura ta ɗauke mana wahalar rubutu da tarawa, ta bar mu ba mu da sauran uzurin ƙin zuwa wurin waɗannan mutane.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wata baiwar Allah mai gidan burodi ta nemi in duba mata lissafi, domin ciniki na tafiya, tanda ba ta hucewa, amma duk ƙarshen wata sai ta ranci kuɗin fulawa. Na ce ta kawo littattafanta. Ta fito da littafin makaranta guda uku da mai ya jiƙa, da leda cike da rasit, da wayoyi biyu, da na'urar POS. A littafi ɗaya an rubuta burodin da masu babur suka ɗauka da safe, ba a rubuta wanda suka dawo da shi da yamma ba. Kuɗin ciniki na shiga asusu uku, ɗaya na yaron shago ne, wai saboda ran da sabis ya ɗauke. Daga akwatin shagon ake cire cefane da kuɗin makarantar yara da zubin adashi da gudummawar biki. Kwana biyu muka yi muna tsefe wannan. Da muka gama, ta yi shiru tana kallon takardar, can ta ce, "Ashe Malam ni ba riba nake ci ba, uwar kuɗin nake ci." Ba wanda ya sace mata ko kwabo, kuma ba raguwa ba ce. Ba ta dai taɓa ganin sana'arta a shafi ɗaya ba.

Abin da ya ci mana kwana biyu a lokacin, yau sa'o'i kaɗan ya ishe shi. Dalili kuwa, ciniki da kansa ya koma rubutacce. Kun tuna farkon 2023, da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya, har mai tumatir a kasuwar Kakuri sai da ya koyi cewa "turo ta waya". Wahala ce aka sha ba kaɗan ba, amma ta bar wani abu a baya: duk kuɗin da ya bi ta OPay ko Moniepoint ko banki yana da rana da lokaci da adadi da sunan wanda ya turo. Rabin leja ke nan ta rubuta kanta. Manhajoji irin su QuickBooks da Sage da Tally, ko ma Excel kawai in an iya shi, suna karɓar wannan bayani su jera shi, su haɗa abin da aka sayar da abin da ya shiga asusu, su nuna inda aka sami giɓi. Alat na bogi da a da sai an yi wata kafin a gano, yanzu kafin a rufe shago an gan shi. Ƙa'idar dai ba ta canza ba tun da Luka Pachioli ya bayyana ta a littafinsa a Benis a 1494: kowane kuɗi yana da inda ya fito da inda ya tafi, kuma dole ɓangarorin biyu su yi daidai.

Hukuma ma ta riga mu yin nisa. Tun 2015 Jihar Kaduna ta tattara kuɗaɗenta a asusun bai ɗaya, a 2016 ta yi dokar da ta haɗe haraji a hannun hukumar KADIRS, ta kuma hana karɓar haraji hannu da hannu. Kuɗin shigar jihar da bai kai naira biliyan 15 ba a 2015 ya haura biliyan 50 a 2020. A tarayya, an sa hannu kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, kuma an fara tilasta wa manyan kamfanoni fitar da takardar shaidar ciniki ta intanet, wadda hukuma ke gani a lokacin da aka fitar da ita. Wanda ke kai wa babban kamfani kaya, ko da ƙaramin ɗan kwangila ne a Kudenda, wannan iska za ta kaɗo shi. Idan mai karɓar haraji ya fi ka sanin cinikinka, to ranar da kuka zauna kai ne za ka yi ta rantsuwa shi yana nuna lamba.

Yanzu ga batun da ɗalibai suka fi tambayata a kai, wato ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 nake jin ana cewa aikin akanta ya zo ƙarshe. Zan faɗi abin da na gwada. Ka ɗauki hoton rasit hamsin, ta karanta su ta zuba maka a jadawali. Ka ba ta bayanan banki na shekara, ta ware maka kuɗin gas da na sukari da na albashi, ta ja hankalinka kan biyan da aka yi sau biyu, ko kan mai kawo kaya da farashinsa ya yi tsalle ba dalili. Odita na da yakan zaɓi baucoci kaɗan ya duba, sauran ya bar wa Allah, yanzu kuwa ana iya bin kowace shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma akantan da ya ƙi koyonsa ya cuci waɗanda suka ba shi amana.

Sai dai na ga inda take tuntuɓe, kuma tuntuɓen ba ƙarami ba ne. Rasit da aka rubuta da hannu a kan gwiwa, takan karanta bakwai a matsayin ɗaya. Ta ga naira dubu 20 na fita duk Juma'a zuwa ga mutum ɗaya, ta rubuta albashi, alhali zubin adashi ne, kuɗin da zai dawo. Ba ta san la'adar dillali ba, ba ta san gyara da ake yi wa mai saye ba, ba ta san kayan da aka ba ɗan'uwa bashi a baki ba tare da ko takarda. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne, na taɓa tambayarta wata mas'alar haraji ta kawo mini sashen doka da lambarsa, cikin natsuwa kamar lauya, na buɗe dokar ban sami sashen ba. Da a ce na sa hannu a kan wannan, ni hukuma za ta nema, domin na'ura ba ta da lasisin da za a ƙwace. Ga kuma batun sirri. Littafin ɗan kasuwa cikinsa ne, kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a. Kada ɗayanku ya kwashi bayanan bankin wani ya zuba a manhajar da bai san inda take ajiye su ba, ba tare da izinin mai su ba.

To in na'ura ta karɓi rubutu da tarawa, me ya rage? Abin da tun farko shi ne zuciyar aikin: a zauna da mutum a fassara masa lambobinsa, a gaya masa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin ɗaukar odita, saboda haka wanda ya dogara da sa hannun ƙarshen shekara kasuwarsa ta tsuke. Ɗan kasuwa ba zai biya ka don ka faɗa masa abin da ya faru bara ba. Zai biya ka in ka taimake shi ya san abin yi gobe.

Ku ɗauki misalin hauhawar farashi, wanda ya wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. Mu ƙaddara mai burodi ta sayi buhun fulawa naira dubu 50, ta gasa ta sayar, bayan ta cire gas da sukari da ladan ma'aikata ta tashi da dubu 58. Littafi zai ce ta ci ribar dubu 8, manhaja ma haka za ta ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma in ta koma wurin dila ta tarar buhu ya zama dubu 60, ina ribar? Jarinta na jiya ba zai iya sayen kayan jiya ba. In kuma ta riga ta cire dubu 8 ɗin ta yi cefane, ramin ya zama dubu 10 a buhu ɗaya. Haka shaguna ke ramewa mai su na murna. Shawarar a nan ita ce ta sa farashi bisa kuɗin da za ta sake sayen kaya, ta yanka wa kanta albashi ta daina ɗiba daga akwati, ta san wane burodi ke ɗauke da gidan, wanne ne ake gasawa don sabo kawai, ta kuma san kwana nawa kuɗinta ke yi a hannun masu babur kafin ya dawo. Ko bashin banki take so, wata shida na lissafi mai tsabta ya fi wasiƙar babban mutum amfani. Wannan magana sai wanda ya san ta, ya san unguwar, ya iya faɗa mata da harshen da take ciniki da shi.

Kuma kada wani ya ce mutanenmu ba sa son rubuta lissafi don baƙon abu ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Mai fitar da zakka dole ya ƙirga hajarsa da kuɗinsa duk shekara kafin ya san ɗaya bisa arba'in ɗinsa. 'Yan'uwanmu Kirista sun san misalin bayin da maigidansu ya ba dukiya ya dawo ya nemi lissafi, a Linjilar Matiyu sura ta 25. Abin da ke korar ɗan kasuwa shi ne tsoron cewa akanta ɗan leƙen asirin mai haraji ne, da tsadar kuɗinmu, da Turancin da muke jibga masa.

Tsadar tana da magani yanzu. A da akanta ɗaya kamfani ɗaya yake iya riƙewa. Yau matashi mai kwamfutar cinya da sola ƙarama zai iya riƙe shaguna talatin tsakanin Kakuri da Sabon Tasha, kowane ya biya ɗan abin da ba zai ji a jikinsa ba duk wata, shi kuma ya tashi da abin da ya fi albashi. Ina roƙon malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna, kafin ɗalibi ya karɓi takardarsa a tura shi ya riƙe littafin shago ɗaya na gaske tsawon zango guda, ya dawo ya bayyana sakamakon da Hausa ko da duk harshen da mai shagon ke ji. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da ke zaune a nan, ku kuma ku ba su shagunan.

Mai burodin nan da na duba wa lissafi, na wuce ta wurinta bayan wasu watanni. Asusu ɗaya take amfani da shi yanzu, yaron shago na ɗaukar hoton kowane rasit kafin ya jefa a leda, ta daina gasa ƙaramin burodin da muka gano asara ake yi a kansa. Tambayar da ta tare ni da ita ita ce ko kuɗin da ta tara zai isa tanda ta biyu, ko ta jira bayan damina. Muka jawo benci muka buɗe wayar.