Yardar Majiyyaci: Al'amarin Asibitin Zana na 1996 da Tanadin Doka



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba hakki guda ɗaya daga cikin hakkokin majiyyaci, watau hakkinsa na a nemi yardarsa kafin a taɓa jikinsa da magani ko wuƙa ko allura. Za a yi haka ne ta hanyar bin diddigin wani al'amari da ya auku a birnin Kano, sa'an nan a auna shi da abin da doka ta tanada daga baya, da kuma yadda Bahaushe yake fahimtar ita kalmar yarda ɗin kanta.

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ga kuma ƙyanda da kwalara a lokaci guda. Waɗanda suka kamu da sanƙarau a ƙasar sun haura 100,000, waɗanda suka rasu kuwa sun tasam ma 12,000, akasarinsu yara. Ita wannan cuta tana kama 'yar fatar nan da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wuya ya sanƙare, zazzaɓi ya yi tsanani, kuma takan kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsira ma sau da yawa takan bar shi da kurumta ko makanta ko shanyewar wani sashe na jiki. Ya kamata a riƙe wannan batu na ƙarshe, domin shi ne ya dagula shari'ar da ta biyo baya.

A Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Zana, ƙungiyar likitocin sa kai ta Médecins Sans Frontières tana ta fama da marasa lafiya, tana ba su maganin da aka daɗe da sani. Ana cikin haka sai ga ayarin kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka, ɗauke da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba da iznin sayar da shi ba tukuna. Abin da ya sa ake ɗokinsa shi ne ana iya haɗiyarsa, ba lallai sai an yi allura ba, kuma duk wanda ya ga yadda annoba take cika asibiti ya san amfanin irin wannan. Aka zaɓi yara wajen 200, aka raba su biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi kuma aka ba su wani sanannen magani mai suna seftiriyazon domin a gwada a ga wanda ya fi. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu kuma suka tashi da nakasa. Bayan 'yan makonni ayarin ya tattara kayansa ya koma gida.

Maganar ba ta fito sarari sosai ba sai a watan Disamba na 2000, sa'ad da jaridar Washington Post ta buga binciken da ta yi. Iyayen yara suka ce su ba su san cewa gwada magani ake yi a kan 'ya'yansu ba, ba a kuma gaya musu cewa ga wasu likitocin can a harabar asibitin suna ba da tabbataccen magani kyauta ba. Aka kuma yi zargin cewa an rage adadin seftiriyazon ɗin da aka ba rabin yaran ƙasa da yadda aka saba. Daɗin daɗawa, takardar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sai ta zama abin tuhuma, gama an ba da shaida cewa daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata, kuma babu irin wannan kwamiti a asibitin a lokacin da aka yi gwajin. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Rahoton ya yi shekara biyar a cikin aljihun tebur kafin ya ɓulla a jarida a 2006.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da kamfanin ya ce, domin har ƙarshe bai amsa laifi ba. Ya ce cutar ce ta kashe yaran, ita ce kuma ta nakasa su, ba maganinsa ba. Ya ce yawan waɗanda suka tsira a hannunsa ya fi na sauran wurare a wannan annoba. Ya ce ma'aikatan jinya 'yan ƙasa sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen kuma sun yarda da baki. Ba a kawo takardar yarda mai sa hannun iyaye ko ɗaya ba. To, a nan ne al'amarin ya shigo fagen masu nazarin harshe.

A ɗauka cewa lalle an yi bayanin da Hausa. Da waɗanne kalmomi za a yi shi? Bature yana da kalma dabam ta auna jini ko fitsari domin a gano cuta, yana da wata dabam ta jarraba sabon magani a ga ko yana aiki. Bahaushe kuwa duka biyun yakan ce musu gwaji. In aka ce wa uwa za a yi wa ɗanta gwaji, abin da zai zo mata a rai shi ne za a ɗebi jini a duba, abin da take roƙo ke nan tun asuba. Haka kalmar bincike: likita yana bincike a kan majiyyaci, malamin jami'a ma yana bincike, alhali na farko lafiyar majiyyacin yake nema, na biyu kuwa ilmi yake nema, ko da majiyyacin bai amfana ba. Wanda zai raba waɗannan ma'anoni sai ya zauna ya yi jimla biyar ko shida: cewa maganin sabo ne, ba a tabbatar da shi a kan yara masu wannan cuta ba, cewa akwai tsohon magani a kusa, cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda za a ba yaron, cewa in an ƙi ba za a kori yaron ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ta faɗi a hanya, abin da aka samu ba yarda ba ce.

Sa'an nan ga kalmar “to”. Baƙo yakan ɗauka cewa ma'anarta “na yarda”. Amma “to” takan zama “na ji”, takan zama “ci gaba, ina saurare”, takan kuma zama “ba ni da yadda zan yi”. Tarbiyyar Bahaushe ta ɗora shi a kan kunya da kawaici da kara. Talaka ba ya yi wa malami ko alƙali ko likita tambayar ƙwaƙƙwafi, musamman in yana ganin alfarma ake yi masa. Matar da ta goyo ɗa daga ƙauye, mai gidanta yana gona ko kasuwa, wuyan yaron ya riga ya sanƙare, ba ta cikin halin da za ta ce “a dakata in yi shawara”. Waɗannan ɗabi'u kyawawa ne a zaman gida da na unguwa, amma a bakin gadon asibiti suna iya zama ƙofar da za a bi a wuce da hakkin mutum ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Saboda haka nauyin yana kan mai farin kaya. Shi ne ya kamata ya ce wa uwar ta maimaita masa abin da ta fahimta da bakinta.

Ita wannan ƙa'ida ba sabuwa ba ce a 1996. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, aka tsara Ƙa'idojin Nurembag, kuma ta farkonsu ita ce yardar mutum bisa raɗin kansa. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙarfafa wannan a Helsinki a 1964. Da irin waɗannan hujjoji ne iyalan yaran suka kai ƙara Amurka a 2001. Aka yi ta kai da kawo a kan ko kotun can tana da hurumi, har zuwa Janairun 2009, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke New York ta yanke cewa gwada magani a kan mutum ba da yardarsa ba laifi ne a dokar ƙasa da ƙasa, ana iya sauraron ƙarar. Gwamnatin Jihar Kano kuma ta shigar da tata ƙarar a 2007, aka sasanta a wajen kotu a 2009 a kan dala miliyan 75: miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a watan Agusta na 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin gado. Shi kuwa Trovan, an ba da izninsa ga manya a Amurka a 1997, amma a 1999 aka taƙaita amfani da shi ƙwarai saboda lahanin da yake yi wa hanta, ƙasashen Turai kuma suka dakatar da shi.

Akwai wata asara da ba ta shiga lissafin diyya ba. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin, Kano kuma ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004. Dalilan ƙin suna da yawa, har da na siyasa, kuma gwaje-gwaje ba su tabbatar da jita-jitar ba. Amma masu ƙin sun riƙa kafa hujja da abin da ya faru a Asibitin Zana, jama'a kuma suka saurare su domin abin bai daɗe ba. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da Indunusiya. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da suka gurgunce a tsakani ba su taɓa jin sunan Trovan ba.

A ɓangaren doka an samu ci gaba. An fitar da Ƙa'idojin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa a 2007, sa'an nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta zo da tanade-tanade a fili. Sashe na 32 ya hana yin bincike a kan mutum sai da rubutacciyar yardarsa bayan an sanar da shi manufar binciken da abin da ka iya biyo baya. Sashe na 26 ya kare sirrin majiyyaci. Sashe na 20 ya haramta korar wanda ya zo cikin halin gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Kotun Ƙoli ma ta yi magana. A shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001 ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Wata mata ce ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta. Amma a shari'ar Esabunor ta 2019 kotun ta ce wannan iko bai kai ga iyaye su hana a ceci ran jariri ba. Watau yardar iyaye amana ce da aka ba su domin maslahar yaron.

Sashen da ya fi dacewa da batun yau shi ne na 23, wanda ya umarci ma'aikacin lafiya ya yi wa majiyyaci bayani cikin harshen da yake ji, tare da la'akari da iya karatunsa. Sai dai an rataya wa umarnin sharaɗin “in zai yiwu”, kuma ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin abin da irin wannan sharaɗi yake zama in ya shiga ofis. A asibitoci da yawa takardar yarda da aikin tiyata da Turanci take, a miƙa wa dangi a nuna musu inda za su dangwala yatsa. In likita ba ya jin Hausa, ko majiyyaci Fulfulde ko Barbarci kaɗai yake ji, sai a kira duk wanda ya fi kusa ya yi tafinta, ko masinja ne ko ɗan majiyyacin da ke gado na gaba, a nan kuma sirrin da sashe na 26 ya kare ya riga ya fita. Tafinta a asibiti sana'a ce da take bukatar horo da albashi da gurbi a tsarin ma'aikata, kamar yadda kotuna suka daɗe da tanadar nasu. Sassan koyar da harsunan Nijeriya a jami'o'i suna da aikin zama da likitoci su daidaita kalmomi, su fara da raba gwajin gano cuta da gwajin jarraba magani, su kuma rubuta takardar yarda da boko da ajami, gama dattawa da yawa da ake ɗauka ba su iya karatu ba ajami suke karantawa.